Inda Za Mu Kai Tsohonmu Idan Jinya Ta Fi Ƙarfin Gida

  Mun san da yawa daga cikinku kun bar aikin gona kun zo, saboda haka ba za mu riƙe ku da daɗewa ba.

Maganar da muka kawo yau ta shafi kowane gida. Akwai ranar da likita zai ce an sallami Baba ko Mama daga asibiti, alhali kuwa ba ya iya tashi, ba ya iya juyawa a kan gado, wani ma ba ya iya haɗiye abinci sosai. Yawanci abin da ke kawo wannan shi ne shanyewar ɓarin jiki ta dalilin hawan jini, ko karayar ƙugu bayan faɗuwa, ko ciwon suga da ya ci ƙafa, ko ruɗewar tsufa. Asibiti ya gama nasa aikin, amma jinya yanzu ta fara. Sai iyali su tsaya suna tambayar juna: ina za mu kai shi, wa kuma zai kula da shi?

A ƙasashe kamar Amurka da Ingila akwai gidajen jinya da yawa inda nas-nas ke aiki dare da rana. A Najeriya irin waɗannan gidaje kaɗan ne, yawancinsu kuma suna manyan birane kamar Legas da Abuja. An sa hannu a kan dokar kafa Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa a 2018, cibiyar ta fara aiki a 2021, amma har yanzu nauyin jinyar tsofaffi yana kan iyali ne. Ga mu mutanen karkara, hanyoyi uku ne a gabanmu. Ko dai a bar majinyaci kusa da asibiti, a gidan ɗa ko ɗan'uwa da ke gari, ko a kai shi gidan jinya na kuɗi idan akwai, ko kuwa a komo da shi gida a nemi ma'aikacin lafiya mai horo ya riƙa zuwa.

Kafin mu ci gaba, bari mu kawar da wata kunya. Mutane sukan ce, "Wane ya yar da uwarsa," idan suka ji an kai ta wani wuri. Wannan magana tana sa iyalai su ɓoye majinyaci a ɗaki har ya lalace. 'Yan'uwa, neman gwani ya taimaki mahaifinka girmama shi ne. Wanda ya yar da nasa shi ne wanda ya ajiye shi ya juya baya, ko a gidan jinya ne ko a ƙuryar ɗakin gidansu.

Abin da muke so ku riƙe shi ne wannan: ku zaɓi wuri saboda hannayen da za su taɓa majinyacinku. Fenti da babban allo a bakin ƙofa ba sa juya mara lafiya. Domin ku gane hannun da ya iya, sai ku san abubuwa huɗu da suka fi cutar da wanda ya daɗe a kwance.

Na farko, gyambon kwanciya. Idan mutum ya daɗe a gefe ɗaya, nauyin jikinsa yana hana jini zuwa fata, musamman a ƙasan baya, da ƙugu, da diddige, da kafaɗa. Cikin 'yan awoyi fata takan fara lalacewa. A baƙar fata ba lallai a ga ja ba, sai dai wurin ya ƙara duhu, ko ya yi zafi, ko ya yi tauri. Maganinsa shi ne a juya majinyaci kamar kowane awa 2, dare da rana, a kuma tabbatar shimfiɗarsa a bushe take.

Na biyu, ƙwarewa da abinci. Shanyewar ɓarin jiki takan raunana haɗiya, sai ruwa ko kunu ya bi hanyar iska ya shiga huhu, daga nan ciwon huhu ya kama mutum. Mai jinya da ya iya zai zaunar da majinyaci sosai kafin ya ba shi abinci, ya ba shi kaɗan-kaɗan, ya bar shi a zaune kamar rabin awa bayan ya gama. Idan likita ya ce sai an sa robar abinci ta hanci, ma'aikaci mai horo ne kaɗai zai sa ta.

Na uku, robar fitsari. Tana bukatar tsabta, jakarta ta kasance ƙasa da marar majinyaci amma kada ta kwanta a ƙasa, a kuma canja robar a lokacin da likita ya faɗa. Zazzaɓi ko fitsari mai gurɓata alama ce ta cewa ƙwayar cuta ta shiga.

Na huɗu, sandarewar gaɓoɓi. Hannu ko ƙafar da ba a motsawa takan ƙage. Yawancin sauƙin da mai shanyewar ɓarin jiki yake samu yana zuwa ne cikin wata 3 zuwa 6 na farko, saboda haka gashi da motsa jiki ba abin da za a ce sai bayan girbi ba ne. Akwai sashen gashi a asibitocin koyarwa kamar na Jos da na Shika a Zariya, da asibitin ƙashi na Dala a Kano. Ku tambaya ko babban asibitin da ke kusa da ku yana da shi.

To, yaya za a yi zaɓin? Aikin yana farawa tun majinyaci yana gadon asibiti. Kada ku karɓi takardar sallama ku fita haka kawai. Ku roƙi likita ko nas mai kula da ɗakin ya gaya muku dalla-dalla abin da majinyaci ke bukata kowace rana, wane ne iyali za su iya yi, wane ne kuma sai mai horo. Ku sa a rubuta sunayen magunguna da lokacin shansu da ranar komowa. Da wannan takarda za ku auna kowane wuri. Matambayi ba ya ɓata.

Bayan haka ku je ku ga wurin da idonku, gama gani ya kori ji. Ku je sau biyu. Zuwa na farko ku sanar, na biyu kuwa ku je ba sanarwa, da yamma ko lokacin cin abinci. Hancinku zai gaya muku gaskiya tun daga bakin ƙofa: inda zarnin fitsari ya cika ɗaki, ba a canja shimfiɗa a kan lokaci. Ku dubi waɗanda ke kwance. An yi musu wanka? An yanke musu farce? Akwai gidan sauro? Idan wani ya yi kira, minti nawa kafin a amsa masa? Da wace murya ake yi musu magana? Yadda kuka ga ana yi wa tsohon wani, haka za a yi wa naku ranar da ba kwa nan.

Ku tambayi ma'aikata nawa ne ke kwana, majinyata nawa kuma suke kula da su. Mutum ɗaya ba zai iya juya majinyata 20 kowane awa 2 ba, kome kirkinsa. Ku tambayi takardu, kada ku ji nauyi. Ma'aikatar lafiya ta jiha ita ke yi wa asibitoci masu zaman kansu rajista. Nas na gaskiya yana da lasisi daga Majalisar Nas-nas da Ungozomomi ta Najeriya, wanda ake sabuntawa lokaci-lokaci. Ba duk mai farar riga ne nas ba. Akwai waɗanda suka koyi allura a kemis ko a wani ƙaramin asibiti, suna iya taimakawa da wanka da ciyarwa, amma ba su ne za su sa roba ko su canja magani ba. Ku tambayi ranakun da likita ke zuwa, da asibitin da suke kai mutum idan ciwo ya tashi da tsakar dare, da motar da za ta kai shi. Ku duba ruwa da wuta da makewayi. Idan majinyacinku yana allurar suga, ku ga inda za a ajiye ta da sanyi.

Akwai wuraren da za ku guje musu gaba ɗaya. A watan Nuwamba 2019 ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta ba da rahoton cewa ana ɗaure masu taɓin hankali da sarƙa a wurare da yawa a Najeriya, har da wasu asibitoci da gidajen masu maganin gargajiya da gidajen addu'a na Kirista da na Musulmi. A farkon 2023 aka sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, domin kare mutuncin irin waɗannan majinyata. Inda duk kuka ga sarƙa ko bulala, ko aka ce a daina shan maganin asibiti, ko aka hana iyali shiga, ku ɗauki naku ku tafi. Muna roƙonku kuma game da tsofaffin da suka ruɗe. Tsohuwar da ke manta sunan 'ya'yanta, tana fita yawo da dare, tana magana ita kaɗai, ciwo ne ya taɓa ƙwaƙwalwarta. Kada a kira ta mayya. A kai ta ga likita.

Sai maganar nisa. Wuri mai kyau da ba za ku iya zuwa ba sai sau ɗaya a wata 3, yana iya zama kasawa a kan wuri matsakaici da za ku leƙa kowane mako. Ku lissafta kuɗin mota, ku tuna da yadda hanyarku take da damina. Ku tuna da harshe kuma. Tsohon da ya ruɗe yakan komo ga yaren da ya sha a nono, ko Berom ne, ko Ngas, ko Tangale, ko Bajju, ko Bura, ya manta Hausar da ya koya daga baya. Idan babu mai jin yarensa a wurin, yaya zai ce ciki na ciwo? Ku tambaya kuma ko mace ce za ta yi wa Mama wanka, gama mutuncin tsoho ba ya ƙarewa don ya kwanta.

Game da kuɗi, ku sa a rubuta muku kome: kuɗin gado, abinci, magani, gashi, safar hannu, da ƙunzugun manya. Ku tambayi abin da ba ya cikin lissafin. Ku karɓi rasit kowane lokaci. Ku yi lissafin wata 6, kada ku yi na wata ɗaya, domin irin wannan jinya doguwa ce. Iyalin da suka sayar da gona a watan farko sukan rasa abin ciyar da majinyaci a wata na huɗu. Dokar inshorar lafiya ta ƙasa ta 2022 ta sa tsofaffi cikin masu rauni da ya kamata a tallafa wa, jihohi kamar Filato da Kaduna kuma suna da hukumominsu na inshorar lafiya. Ku je ofishin na jiharku ku tambayi abin da ake biya da abin da ba a biya, tun kafin bukata ta taso.

Wannan shawara ba ta mutum ɗaya ba ce. A tara iyali, na gida da na birni. A saurari mata, gama yawanci 'ya mace ko surukar gida ce ke ɗaukar wanki da wanka da rashin barci, sau da yawa kuwa ba a tambayarta. Fiye da kowa, a tambayi majinyacin kansa idan yana cikin hankalinsa. Ko maganarsa ba ta fita sosai, yana ji, yana kuma da abin da yake so. A zaɓi mutum ɗaya ya riƙe littafin kuɗi, wani kuma ya riƙa magana da ma'aikatan lafiya, domin kada a yi ta saɓani.

Idan an kai shi, aikinku bai ƙare ba. Ku riƙa zuwa a ranaku dabam-dabam. Ku ɗaga zane ku duba bayansa da diddigensa. Ku lura ko yana ramewa, ko yana yawan barci fiye da dā, ko yana tsorata idan wani ma'aikaci ya shigo. Ku gode wa ma'aikata idan sun yi kirki, gama aikinsu mai wuya ne. Idan kuma kun ga abin da bai yi ba, ku faɗa da ladabi a ranar. Idan ba a gyara ba, ku canja wuri.

Da yawa daga cikinmu gida za mu komo da majinyaci, domin babu gidan jinya kusa ko babu kuɗinsa. Wannan ma zaɓi ne mai kyau idan an shirya. Kafin a bar asibiti, mutum 2 ko 3 su koyi juyawa da ciyarwa da motsa gaɓoɓi a hannun nas. A yi magana da ma'aikacin lafiya na ƙaramin asibitin da ke kusa ya riƙa zuwa auna jini da duba fata. A nemi katifa mai laushi da leda da zannuwan canji. A nan ne ikilisiya take da aiki. Zumuntar Mata za su iya raba ranaku domin mai jinya ta sami barci. Matasa su ɗebo ruwa, su yi itace, su taya noman gonar gidan. Ikilisiya tana iya sayen keken guragu ɗaya da na'urar auna jini ɗaya, a riƙa ba da aro daga gida zuwa gida. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

A ƙarshe, muna roƙon kowa da ya manyanta ya riƙa zuwa a auna masa jini, wanda aka ba shi maganin hawan jini kuma kada ya bari don ya ji sauƙi. Idan kuka ga bakin wani ya karkace, ko hannu ya saki, ko magana ta sarƙe farat ɗaya, ku kai shi asibiti nan take, kada ku jira gari ya waye.

Ku koma gida ku yi wannan magana da iyayenku tun suna da lafiya, ku ji daga bakinsu inda suke so a yi jinyarsu. Ubangiji ya ba mu hikima da haƙuri, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.