Tagwayen Taurari Ne Sikelin Masana

Ba wanda ya taɓa ɗora tauraro a kan sikeli, amma masana na faɗin nauyinsa, kuma tagwayen taurari ne suka ba su wannan dama. Idan taurari biyu na kewaya juna, sanin tazarar da ke tsakaninsu da tsawon lokacin zagayen ya isa a lissafa nauyinsu da ƙa'idar Newton. Tauraron da ke shi kaɗai kuwa, sai dai a kwatanta shi da waɗanda aka riga aka auna. Ku dubi Shi'ira, wanda Turawa ke kira Sirius, tauraron da ya fi kowane haske da dare. A 1844 Friedrich Bessel na Jamus ya lura yana tangaɗi a tafiyarsa, ya ce lalle akwai abokin da ke jansa. Ba a ga abokin ba sai 1862, sa'ad da Alvan Graham Clark yake gwada sabon madubin hangen nesa a Amurka. Kimanin shekara 50 suke yi kafin su kammala zagaye ɗaya. Ƙaramin bai wuce duniyarmu girma ba, amma nauyinsa ya kai na rana.

Wani zai ce ai ido na ruɗi, taurari biyu kan yi kamar suna tare alhali ɗaya na can nesa da ɗaya. Haka ne, akwai irinsu da yawa. Shi ya sa ba a yanke hukunci da kallon dare ɗaya. William Herschel ya shafe sama da shekara 20 yana bin motsin wasu tagwaye kafin ya bayyana, a 1803, cewa da gaske kewaya juna suke yi.