Zaɓen Baƙin Mai Ga Injin Babur Ɗin Ruwa

Babur ɗin ruwa ƙaramin jirgi ne da ake hawa kamar babur, yana ɗaukar mutum ɗaya zuwa uku. Ba shi da farfela a waje. Injinsa yana juya wata fanka ce a cikin bututu, ta zuƙo ruwa ta ƙasa ta feso shi ta baya da ƙarfi, ƙarfin feshin kuma ya tura jirgin gaba. Kamfanin Bombardier na Kanada ya fito da Sea-Doo a 1968, Kawasaki na Japan ya biyo baya da Jet Ski a 1973, Yamaha kuma ya shigo da WaveRunner a shekarun 1980. Har yau su ukun ne ke riƙe da kasuwar, kuma kowannensu da irin baƙin man da ya yarda a zuba wa injinsa.

Wahalar da injin ruwa yake sha ta fi ta injin mota nesa ba kusa ba. Mota tana da giya, idan ta miƙe a kan kwalta injinta ba ya wuce juyi 2,000 zuwa 3,000 a minti ɗaya. Babur ɗin ruwa ba shi da giyar da za ta rage masa nauyi. Idan aka murɗa masa wuta yakan kai juyi 7,000 zuwa 8,000, ya kuma daɗe a haka, tamkar motar da ke hawan dutse ba sauka. Ga laima da ba ta rabuwa da shi, ga gishiri idan a teku yake, sannan akan jingine shi wata da watanni ba a tayar ba, tsatsa tana cin ƙarfen ciki a ɓoye. Saboda haka aikin man ba santsi kaɗai ba ne. Dole ya jure zafi ba tare da ya tsinke ba, ya kuma manne wa ƙarfe ya kare shi a lokacin da injin yake kwance.

Tambayar farko ita ce wane irin inji ne, mai bugu biyu ko mai bugu huɗu. Wanda ya san tsohuwar Vespa ya san inji mai bugu biyu: ba shi da wurin ajiyar mai a ƙasa, baƙin man yana bin fetur ne ya shafe fistin da sauran sassa, sannan su ƙone tare, shi ya sa yake fitar da shuɗin hayaƙi. Tunda man ƙonewa yake yi, abin lura shi ne abin da yake bari a baya. Man mota yana ɗauke da sinadaran ƙarfe masu zama toka, tokar ta taru a kan fulogi da zobban fistin har su maƙale. Don kauce wa haka ƙungiyar masu ƙera jiragen ruwa ta Amurka, NMMA, ta tsara mizanin TC-W3 na man da ba ya barin toka, kuma shi ne ya dace da mafi yawan injinan Yamaha da Kawasaki masu bugu biyu.

A nan ne mutane da yawa suke faɗawa rami. Injinan Rotax masu bugu biyu da ke cikin tsofaffin Sea-Doo ba sa son TC-W3; littafin kamfanin ya hana zuba shi ƙarara, ya nemi mai ɗauke da alamar API-TC, mai ƙarancin toka. Dalili shi ne waɗannan injina suna fitar da ƙarfi mai yawa daga ƙaramin jiki, zafin fistinsu ya wuce wanda aka auna TC-W3 a kai, ɗan sinadarin ƙarfen nan kuma shi ke tsare zobban a irin wannan zafi. Hoton jirgi a jikin galan ba hujja ba ne, tsadar mai ma ba hujja ba ce. Haɗa iri biyun a tanki ɗaya ya fi kowanne muni, domin suna iya daskarewa su yi kauri kamar koko, su toshe matata, injin ya ci gaba da gudu babu mai har ya buga.

Wannan bayani ya shafi masu kwale-kwale mai inji a Yawuri da Tafkin Kainji da Tafkin Chadi, domin yawancin injinan da suke ratayawa a bayan jirgi masu bugu biyu ne, ruwa ke sanyaya su, TC-W3 kuwa dominsu aka yi shi tun asali. Awon da aka fi sani shi ne kashi 1 na baƙin mai cikin kashi 50 na fetur, wato mililita 20 a kowace lita, ko rabin lita a tanki mai lita 25. Sabon inji akan ninka masa man a awannin farko har sassansa su zauna. Awon ido ba ya wadatarwa a nan: idan man ya yi kaɗan fistin ya kama, idan ya yi yawa fulogi ya jiƙe, injin ya mutu a tsakiyar kogi da mutane a ciki. Abin takaici ne a ga ana zuba ragowar man mota a irin wannan inji don tsimin kuɗi kaɗan.

Daga 2002 al'amari ya sauya, lokacin da Yamaha da Honda da Bombardier suka fito da baburan ruwa masu bugu huɗu. Dokokin muhalli ne suka matsa, domin tsohon inji mai bugu biyu yana zubar da wani kaso na fetur da mai a ruwa ba tare da sun ƙone ba. Tun 1999 aka hana irinsa shiga Tafkin Tahoe a Amurka. Inji mai bugu huɗu yana riƙe mansa a ciki kamar na mota, kuma mizanin NMMA na irin wannan mai shi ne FC-W, wanda gwajinsa ya haɗa da kariya daga tsatsa. Lambobin jikin galan, kamar 10W-40, kaurin man suke nunawa: ta farko yadda yake gudana da sanyi, ta biyu kaurinsa a zafin digiri 100 na ma'aunin Salsiyos. A ƙasa mai zafi ta biyun ce abin dubawa, kuma siririn mai irin 0W-20 na sababbin motoci ba shi da wuri a nan.

Wasu samfuran Sea-Doo suna da na'urar da ke ɗura wa injin ƙarin iska, a cikinta kuma akwai ɗan kuloci da ke jiƙe cikin man injin. Man mota na zamani yana da sinadarin ƙara santsi don tsimin fetur, wanda ke sa kulocin ya riƙa zamewa har ya lalace. Irin wannan inji sai man kamfanin, ko man babur na kan titi da aka yi don jiƙaƙƙen kuloci, wanda ake ganewa da alamar JASO MA.

Juyen man inji mai bugu huɗu kuma da awa ake lissafa shi, ba da kilomita ba. Ana yin na farko da wuri, Yamaha ya sa shi bayan awa 10, daga nan sai adadin da littafin injin ya ƙayyade ko sau ɗaya a shekara, duk wanda ya riga zuwa. An fi so a yi shi kafin a jingine babur ɗin, don kada gurɓataccen mai ya kwana a kan ƙarfe tsawon watanni. Da yake injin yana zaune a cikin kwarin jirgi, da famfo ake zuƙo tsohon man ta sama, kuma ba ya fita duka. Mai zuba sabo ya auna abin da ya fito ya mayar da daidai shi, domin idan ya wuce layi kumfa yake yi ya bi hanyar iska. Man da ya koma fari-fari kamar an zuba masa madara alama ce ruwa ya shiga, galibi bayan jirgin ya kife. Irin wannan ba a kwana da shi: a zuƙe, a zuba sabo, a tayar da injin ya yi zafi, a sake zuƙewa, sau biyu ko uku, har man ya fito da launinsa na asali.