Kurkuku Ko Magani? Matsayinmu Game Da Mashaya Ƙwaya

Ya 'yan'uwa Musulmi, babu saɓani a tsakaninmu cewa duk abin da ke gusar da hankali haramun ne. Abin da muke son mu tattauna a yau shi ne: shin ɗaure mashayi a kurkuku yana raba shi da shan?

Tun 1971 Shugaba Nixon na Amurka ya ɗaura yaƙi da miyagun ƙwayoyi. Aka yi ta kamu har fursunonin ƙasar suka haura miliyan 2, amma a 2022 mutane sama da 100,000 ƙwaya ta kashe a can. A nan gida, gwamnatin soja ta harbe mutum uku a Legas a 1985 kan safarar ƙwaya, aka kuma kafa hukumar NDLEA a 1989. Duk da haka binciken da aka yi a 2018 ya nuna 'yan Nijeriya miliyan 14.3 ne suka sha ƙwaya cikin shekara guda. Yaro ya shiga kurkuku saboda ƙullin wiwi, ya fito ya koyi sata, babu mai ɗaukarsa aiki, babu mai ba shi aure. Babban dillali kuwa yana da kuɗin lauya.

Ƙasar Fotugal ta bi wata hanya dabam. A 2001 ta fara aiki da dokar cewa wanda aka kama da abin da bai wuce shan kwana goma ba, ba za a kai shi kotu ba. Sai a gabatar da shi gaban wani kwamiti na masana shari'a da lafiya da jin daɗin jama'a, su tura shi asibiti ko su ci shi tara. Mai sayarwa kuwa kurkuku na nan yana jiransa. Da tsoron kamu ya kau, mashaya suka fito neman magani, masu kamuwa da ƙanjamau ta hanyar allura suka ragu ƙwarai. Amma mu lura: jihar Oregon ta Amurka ta sassauta dokarta a 2020 alhali wuraren jinya ba su wadata ba, sai ga ta a 2024 ta mayar da hukuncin. Ashe sassauci ba tare da magani ba, sakaci ne.

Wannan bai saɓa wa addininmu ba. Mataki-mataki aka haramta giya, daga Suratul Baƙara zuwa Nisa'i zuwa Ma'ida, bayan imani ya zauna a zukata. Buhari ya ruwaito labarin wani sahabi da aka sha yi wa haddi saboda giya. Da wani ya tsine masa, sai Annabi (SAW) ya hana, ya kuma shaida cewa mutumin yana son Allah da Manzonsa. An hukunta shi, amma ba a cire shi daga cikin jama'a ba.

Saboda haka muna kira ga hukuma da ta bambanta mashayi da dillali: ta tsananta wa mai safara, ta karkatar da kuɗin ciyar da fursuna zuwa gina wuraren jinya. Muna kira ga iyaye da su daina ɓoye 'ya'yansu ko kai su gidajen mari a sa musu sarƙa. Rassanmu kuma su buɗe wa waɗannan matasa ƙofar masallaci da makaranta, su nema musu sana'a.

Allah Ya shirye mu da zuriyarmu baki ɗaya.