Ƙarin Albashi da Rabon Manomin Yammacin Zamfara



A shekarar 2014 aka sake lissafin arzikin Nijeriya, aka ba da sanarwar cewa ta ɗara kowace ƙasa a Afirka. Amma binciken Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2018 zuwa 2019 ya nuna kashi 40 cikin ɗari na 'yan ƙasa matalauta ne, a Zamfara kuwa wajen kashi 74. Ashe arziki yana iya bunƙasa a takarda, tukunyar talaka tana nan a kife.

Maganin da muka saba nema shi ne ƙarin albashi. Mafi ƙarancinsa ya tashi daga naira 125 a 1981 zuwa 18,000 a 2011, da 30,000 a 2019, sannan 70,000 a 2024. Haƙƙin ma'aikaci ne, ba mu musu. To, amma mutum nawa ne ke karɓar albashi a Anka da Gummi da Bukkuyum? Akasarin jama'armu manoma ne da makiyaya da 'yan tireda, doka ba ta yanka musu kome ba. Abin da ke iske su shi ne tsadar kaya, kamar yadda iyayenmu suka gani bayan ƙarin Udoji a 1975.

Rashin aikin yi a ƙasarmu ba zaman kashe wando ba ne, wahala ce marar riba. Saurayin da gona ta kasa riƙewa sai ya faɗa ramin zinariya. A 2010 gubar dalma daga dutsen da ake niƙawa cikin gidaje ta hallaka yara fiye da 400 a ƙauyuka irin su Dareta da 'Yargalma. A 2019 Gwamnatin Tarayya ta hana haƙar ma'adinai a jihar saboda 'yan bindiga, ba a ɗage hanin ba sai Disamba 2024. Su kuwa 'yan bindigar sun raba manoma da yawa da gonakinsu.

Saboda haka, 'yan'uwa, in mun tashi neman haƙƙinmu, mu haɗa da na manomi: tsaron gona, taki a kan kari, hanyar kai amfani kasuwa, da haƙar zinariya bisa ƙa'ida. Gobe mu ne za mu riƙe fayil a sakatariya. Kowane tsari ya zo gabanmu, mu tambaya: nawa ne zai isa Bagega?

Allah ya yi mana jagora.