Tabarau Mai Gani Cikin Duhu

Yau batunmu tabarau mai gani da dare, haɗin gida.

Ku ɗauki rimot, ku saita bakinsa ga kyamarar waya, ku danna. Sau da yawa za ku ga haske yana ƙyaftawa. Ido bai gan shi ba, kyamara ta gani. Sunansa infirared.

To, sirrin ke nan. Mai haɗawa yakan cire ɗan gilashin da ke tare yawancin wannan haske a kyamara. Ya jera fitilun infirared, ya sa ƙaramin allo gaban ido. Fitila ta haska, kyamara ta ɗauka, allo ya nuna.

Amma fa ba irin na sojoji ba ne. Nasu hasken taurari yake ninkawa. Na gida ba ya hangen nesa, iyakarsa duba akurkin kaji da tsakar dare.

A kwana lafiya.