Ma'anar Sunan Ramadan da Asalinsa

 

Ya ku ƴan'uwa masu saurare a Ƙonni da Malbaza da Illela, mu Hausawa watan Azumi muke cewa, wato mun kira shi da aikin da ake yi cikinsa. Larabawa kuwa da yanayi suka kira shi. Malaman lugga sun ce Ramadan daga "ramda'u" ya fito, shi ne rairayin da rana ta gasa har ƙafa ba ta iya taka shi. Wanda ya taɓa ratsa fako da azahar cikin bazara ba takalmi, ba ya buƙatar fassara. Lokacin da suka raɗa wa watanni suna, wannan ya faɗo cikin tsananin zafi, kamar yadda Jumada ya faɗo lokacin da ruwa ke daskarewa. Wasu malamai suka ce don yana ƙone zunubai ne. Ma'ana ce mai kyau, amma ta farko ta fi ƙarfi wajen lugga. Shi kaɗai ne watan da Alƙur'ani ya ambata da sunansa, cikin Suratul Baƙara.

To, me ya sa wani lokaci muke azumi cikin hunturu? A jahiliyya sukan jinkirta wata su musanya shi da wani, Suratut Tauba ta haramta haka, aka bar lissafi ga ganin jinjirin wata kaɗai. Shekarar wata ta gaza ta rana da kwana 11 ko kusa da haka, sai azumi ya zagaye bazara da dari da damina cikin shekara 33. Mun yi shi cikin Afrilu a 1989, muka yi shi cikin sanyin Janairu a 1998, ya sake dawo mana Afrilu a 2022.

Saboda haka mai ban ruwan albasa a Galmi da mai dakon siminti a Malbaza, kada ya ce zafi ya ɗauke masa farilla tun da dare. Ya kwana da niyya, ya yi sahur, ya matsar da aikinsa zuwa sanyin safiya in zai yiwu. In ƙishirwa ta kai shi ga tsoron halaka, ya sha, ya rama daga baya, babu kaffara a kansa.

Gobe, in Allah ya kai mu, sai hukuncin ramuwa. Allah ya karɓi ibadarmu.