Ƙarin Albashi Ba Ya Biyan Bashi

Laccar da aka gabatar wa ɗalibai da ƙananan ma'aikata a Kawo, Kaduna



An nemi mu yi magana a kan bashi da kuɗin cefane, watau yadda mutum zai sauke nauyin da ke wuyansa ba tare da tukunyar gidansa ta daina hawa murhu ba. Da muka ji a Kawo za a yi taron, sai muka ga wurin ya dace da maganar. Ga Sakatariyar Tarayya, inda waɗansunku ke aiki, waɗansu kuma ke fatan samun aiki. Ga kasuwa. Ga kuma tasha, inda motocin Zariya da Kano da Katsina ke lodi. Albashin da aka samo a ofis, tsakanin kasuwar nan da tashar nan yake ƙarewa, galibi tun wata bai raba ba.

Bari mu fara da labarin da waɗansunmu suka gani da idonsu. A shekarar 1972 gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa hukuma a ƙarƙashin Cif Jerome Udoji domin ta duba sha'anin aikin gwamnati, ta kuwa miƙa rahotonta a 1974. Shawarwarin da ke cikin rahoton suna da yawa, amma guda ɗaya jama'a suka riƙe, watau ƙarin albashi. Ƙaramin ma'aikaci mai ɗaukar Naira 312 a shekara ya koma ɗaukar Naira 720, aka kuma ce ƙarin ya fara tun daga watan Afrilu na 1974. Saboda haka a farkon 1975 aka biya mutane ariyas na watanni a dunƙule. A lokacin Kaduna ce hedkwatar Jihar Arewa ta Tsakiya, gari ne na akawuna da masinjoji da sojoji da ma'aikatan masaƙu. Kowa ya nufi kanti. Aka sayi rediyo, aka sayi babur da fanka da gadon ƙarfe, waɗansu suka ƙara aure. Mai ɗan babban matsayi ya fara hangen Peugeot 504, wadda aka fara harhaɗawa a Kakuri a shekarar nan ta 1975.

Ba mu ce sayen rediyo laifi ne ba. Abin da muke so ku lura da shi, kaɗan ne daga cikinmu suka ɗauki kuɗin nan suka nufi masu binsu bashi. Yawancinmu ma sabon bashi muka ci a kan tsohon, domin mai kanti ya ga albashi ya yi kauri, ya yarda a ɗauki kaya a riƙa biya sannu a hankali. 'Yan kasuwa kuwa ba barci suke yi ba. Kafin shekarar ta ƙare hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin ɗari, mai gidan haya ya ƙara, mai nama ya ƙara. Bayan Janar Murtala Muhammed ya hau mulki a watan Yuli, aka sallami ma'aikata fiye da dubu goma a ƙasar nan. Albashi ya tsaya, bashi bai tsaya ba. Haka aka sake gani a 1984, haka kuma jihar nan ta gani a 2021, lokacin da aka rage dubban ma'aikata.

To, ku ma kun ga naku Udojin. Ranar 29 ga Mayu, 2023, aka janye tallafin man fetur, litar da ba ta kai Naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, ta kuma haura 1,000 a ƙarshen 2024. A watan Yuli na 2024 aka ɗaga mafi ƙarancin albashi daga Naira 30,000 zuwa 70,000, Jihar Kaduna ta ce ita 72,000 za ta biya. A watan Disamba na wannan shekara hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari, kusan daidai da ta 1975. Wanda ya ce wa mai binsa ya yi haƙuri sai an yi ƙari, yanzu ya san amsar da kasuwa ta ba shi.

Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Gaskiya ne, amma sau da yawa da wannan karin magana muke rarrashin kanmu, har mu ƙi zama mu ƙirga. Mun sha tambayar matashin ma'aikaci nawa ake binsa, sai ya ce ba shi da yawa. In aka ba shi takarda da biro, aka ce ya rubuta na banki, da na mai shago, da na abokin ofis, da ragowar kuɗin haya, da na tela, da zubin adashin da ya riga ya kwasa, sai ka ga gumi ya karyo masa. Wannan rubutu shi ne matakin farko, kuma ba baƙon abu ba ne a wurinmu, tun da ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take magana.

In an rubuta, sai a duba wane bashi ne ke girma da kansa. A nan muna roƙon ku ɗan jure lissafi. A ce wani mai ba da rance ya ba ka Naira 100,000, ya ce ruwan kashi 5 ne kacal a wata, za ka biya cikin wata 12. Kashi 5 ba shi da nauyi a kunne. Amma ruwan Naira 5,000 ne kowane wata, watau 60,000 a shekara, za ka biya 160,000 ke nan, kimanin 13,300 duk wata. Ga inda dabarar take: kowane wata kana rage uwar kuɗin, amma ruwan a kan 100,000 ɗin farko ake lissafa shi har ƙarshe. A wata na goma sha ɗaya abin da ya rage hannunka bai kai 20,000 ba, amma har yanzu 5,000 kake biya. In aka yi lissafin gaskiya, ruwan ya kai kashi 8 a wata, watau kusan ninki a shekara. Masu rancen wayar salula sun fi haka tsanani, ga tonon asiri, domin in ka makara sai su aika wa duk wanda ke cikin wayarka saƙon cewa kai macuci ne. Abin ya yi muni har hukumar kare masu sayayya ta tarayya, FCCPC, ta far musu a 2022. Irin wannan bashi shi za a fara kashewa, ko da kuwa za a sayar da wayar da aka ci shi da ita.

Littattafan Turawa sukan yi gardama a kan ko bashi mai tsadar ruwa za a fara biya, ko kuwa mafi ƙanƙanta domin mutum ya sami ƙarfin gwiwa. Mu a nan akwai na uku da ba su san da shi ba, watau bashin wanda jarinsa bai fi abin da ke kan teburinsa ba. Mai shagon lungu a Hayin Banki ko Unguwar Dosa, da mai ƙosai, da mai wanki da guga, ba sa sa mana ruwa, don haka su muke bari ƙarshe. A ganinmu wannan zalunci ne. Dubu biyar ɗin da ma'aikaci ya riƙe wa mai ƙosai, waken gobe ne. Mu dai shawararmu, a sallami irin waɗannan tun a watan farko, tun da nasu ba ya da yawa, sa'an nan a juya gaba ɗaya kan mai ruwa. Sauran, irin su yaya ko abokin aiki, a je a same su ido da ido, a ce ga abin da za a iya duk wata, ga watan da za a gama. Mai bin bashi yakan jure jinkiri, abin da ba ya jurewa shi ne ya hango ka ka canza hanya.

Nawa za a ware? Dokar Ƙwadago ta 1974 ta hana a cire wa ma'aikaci fiye da sulusin ladansa a wata guda. Dokar ba ta shafi manyan jami'ai ba, amma ma'aunin yana da kyau ga kowa. Wanda biyan bashi ya cinye masa fiye da kashi ɗaya cikin uku, lalle zai ci wani bashin kafin wata ya mutu, domin ciki ba ya jira. Kuma a ranar da albashi ya shiga za a fitar da sulusin nan, kafin a biya ta kasuwa. Abin da aka ce za a biya da ragowa, ba a taɓa samun ragowar ba.

Saura sulusi biyu, a nan ne kowa yake ganin ya san inda kuɗinsa ke tafiya, alhali bai sani ba. An cika zargin shayi da burodi. Mu ba mu ga ma'aikacin da shayi ya talauta ba. Abin da ke cinye mu, na farko, sayen abinci gwangwani-gwangwani a kan bashi. Wanda sunansa ke cikin littafin mai shago ba ya taya kaya, yadda aka faɗa haka zai ɗauka. Da a ce mutum uku ko huɗu za su haɗa kuɗi a farkon wata, su shiga kasuwar Talata su auno masara da wake da shinkafa a mudu su raba, da sun ga bambanci. Na biyu, tashar nan da muka ambata. Ɗan Zariya ko ɗan Funtuwa da ke zuwa gida kowace Juma'a, bai lissafa kuɗin mota kaɗai ba, akwai tsaraba, akwai ƙanne da ke jiran a miƙa musu, akwai abokan da za a zauna da su. Zumunci wajibi ne, amma sau ɗaya a wata ma zumunci ne, kuma iyaye sun fi son a aiko musu da abin da aka yanka musu a kan lokaci.

Na uku shi ne mai wuyar faɗa a gaban jama'a, watau kunya. Anko, da gudunmawar biki, da kayan suna, da ɗinkin Salla ko Kirsimeti, da ragon layya da ake ɗauka a riƙa cira a albashi har bayan an manta da ɗanɗanon naman. Malamai suna nan, su gyara mana in mun yi kuskure, amma iyakar saninmu ba a ɗora layya a kan wanda ba shi da hali ba. Mu ne muka ɗora wa kanmu, don kada maƙwabci ya ga gidanmu ba hayaƙi. Mai bashi yana da damar ya je biki da tsohuwar rigarsa wankakkiya, ya ba da abin da ya sawwaƙa, ya ce wa uwar biki bana ba zai iya anko ba. Za a yi maganarsa kwana biyu, sai a sami wani.

Game da adashi, abu ne mai kyau in an san matsayinsa. Kafin ka kwasa, ajiya kake yi. Daga ranar da ka kwasa, kai mai cin bashi ne, sai dai babu ruwa. Saboda haka a nemi kwasar ta faɗo a watan biyan haya ko kuɗin makaranta, a kuma sa zubin cikin sulusin nan. Wanda dole sai ya nemi rance babba, ya fara tambayar ƙungiyar gama-kai ta ofishinsu, ko bankunan da ba sa aiki da ruwa, irin su Jaiz, wanda Kaduna na cikin garuruwa uku da ya fara buɗe reshe a 2012. Ko a can ma akwai riba a kan kaya, a tambayi jimlar da za a biya kafin a sa hannu.

Ku kuma ɗalibai, kada ku ɗauka maganar ta ma'aikata ce kaɗai. Tun 2024 asusun NELFUND ke ba da rancen karatu marar ruwa. Taimako ne babba, amma rance ne, kuma dokar ta ce shekara biyu bayan bautar ƙasa za a fara cire kashi 10 cikin ɗari na albashin wanda ya sami aiki. Watau ranar da ɗayanku zai karɓi takardar ɗaukar aiki a Sakatariyar can, kusan kashi ɗaya cikin uku na sulusin da muka ambata ya riga ya sami mai shi. Ku rubuta shi a layin farko na takardarku tun yanzu.

Malam shugaba, mun ga kana duban agogo. In akwai tambaya muna nan.